Masu Saƙa Hular Jarirai a Sabo

Tun da aka kafa unguwarmu ta Sabo a nan Ibadan a 1916, labarin da ake ba mu na maza ne: fataken goro, dillalan shanu. To, cikin gida fa?

Iyayenmu mata sun ce bayan la'asar sukan taru a gidan wata dattijuwa, a zuba adashi, a fito da kwarashi da zaren ulu, a hau saƙa. Mai ciki ba ta saƙa wa kanta, kunya ba za ta bar ta ba, balle cikin fari. Ƙawaye ne ke yin hula da safa, su ɓoye sai ranar suna. Wanzami na gama aski, sai a rufe kan jariri, don sanyin daminar Kudu ba wasa ba.

Hula guda takan ratsa 'ya'ya biyar. A wanke, a sa kafur, a mayar akwati. Tawa ma ƙannena uku sun sa ta.

Da gwanjo ya cika kasuwa, sai aka ajiye kwarashi. A layinmu tsofaffi biyu suka rage, ɗaya ma ido ya fara yi mata gardama, kuma babu yarinyar da ke zama gabanta.