Gidan Bebaye Na Sarki Akbar

 

Ranar da muka zo kan hadisin fiɗira a aji, wata ɗaliba ta ce da ni: "Malam, da za a ɓoye jariri inda ba zai ji maganar kowa ba, da wane harshe zai tashi, kuma wa zai bauta wa?" 'Yan ajin suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, domin na san an taɓa yin sarkin da ya yi wannan tambaya, kuma bai tsaya a tambayar ba.

Sarkin shi ne Akbar, wanda ya mulki daular Mugal a Indiya daga 1556 zuwa 1605. Malamin tarihi Abdulƙadir Badayuni, wanda ya zauna a fadarsa, ya ruwaito cewa an karɓi jarirai kusan 20 daga hannun iyayensu mata, an biya su kuɗi, aka kai jariran wani gida nesa da jama'a, aka haɗa su da masu renon da aka hana su koya musu magana. Manufar, in ji shi, ita ce a jarraba hadisin fiɗira, a ga addinin da za su karkata gare shi. Shi kuwa Abul Fadli, na hannun daman sarki, cewa ya yi Akbar na son ya tabbatar wa fadawa cewa magana daga ji ake samunta. Badayuni ba ya ga-maciji da bidi'o'in Akbar, don haka nake karɓar zancensa kan niyyar sarkin da taka-tsantsan. Amma a kan sakamako bakinsu ya zo ɗaya. Da sarki ya ziyarci gidan a 1582, bai ji kalma ko guda ba, sai irin sautin da bebe ke yi. Badayuni ya ƙara da cewa wasu daga cikin yaran sun mutu. Aka sa wa gidan suna Gung Mahal, wato gidan bebaye.

Ba shi ya fara ba. An ba da irin wannan labari a kan Fir'auna Fasamtik na ɗaya, da kuma Sarki Farederik na biyu a Turai, wanda ya mutu a 1250, shi kam an ce nasa jariran duk sun mutu.

A ganina kuskuren ba na rashin tausayi kaɗai ba ne, har da na hanyar binciken. Wanda ya raba jariri da muryar mutane bai gano asalin ɗan'adam ba, nakasa shi ya yi, kamar mai tuge shuka don ya ga yadda saiwa ke shan ruwa. Fiɗira kuwa shiri ce a zuciya, ba kalmomin da yaro zai wayi gari yana karantawa ba, kuma hadisin da kansa ya ambaci tasirin iyaye. Ibnu Ɗufail na Andalus, wanda ya rasu a 1185, ya bi wannan tambaya a littafinsa Hayyu bin Yaƙzan, labarin yaron da barewa ta raina a tsibiri. Shi da alƙalami ya yi nasa gwajin, bai raba kowace uwa da ɗanta ba.

Hanyar da ta yi amfani daga baya ita ce ta haƙuri: a bar yaro a gidansu, a zuba masa ido, a rubuta. Darwin ya riƙa rubuta abin da ya lura da shi a kan ɗansa da aka haifa a 1839, bai wallafa ba sai 1877. Piyaje, masani ɗan ƙasar Suwizalan, ya yi haka da 'ya'yansa uku. Aibin wannan hanya a fili yake: uba ba ya ganin laifin ɗansa, yara uku kuma ba su ne duniya ba. Shi ya sa masana suka koma bin ɗaruruwan yara shekara da shekaru.

Sai dai gidan bebaye bai ƙare da Akbar ba. Bayan faɗuwar gwamnatin Romaniya a 1989, an tarar da dubban yara jibge a gidajen marayu, ba mai ɗauka, ba mai yi musu wasa. A 2000 masana suka fara bin 136 daga cikinsu a Bukares, aka yi ƙuri'a, rabi suka koma hannun iyayen riƙo, rabi suka zauna. Waɗanda aka fitar kafin su cika shekara 2 su suka fi farfaɗowa a basira. Ƙuri'ar nan ta jawo musu mai zafi tsakanin masana, ni ma har yau takan tsaya mini a rai idan na tuna rabin da ba ta faɗa kansu ba.