Kacala da tarihin ruwan Haɗeja

Duk manomin fadama da ya ga wata ciyawa ta fara cin lambunsa da sauri, abin da yake fara tambaya shi ne daga ina ta zo. Tarihin kacala a fadamun Haɗeja da Nguru ya nuna cewa tambayar da ta fi amfani ita ce me ya sauya a wurin har ciyawar ta samu gindin zama. Gane kacala ba wuya: ganyenta dogo ne mai faɗi kaɗan, tana iya wuce tsayin mutum, kanta kuma kamar zangarniyar gero mai launin ƙasa. Da yawa sun ɗauke ta baƙuwa, alhali tun a 1916 wani likita mai suna Dalziel ya sanya ta cikin ƙamus ɗinsa na tsirran ƙasar Hausa da sunan shalla. Tana nan tun kaka da kakanni, sai dai a rakuɓe take a bakin tafkunan da ba sa ƙafewa.

Abin da ya hana ta yaɗuwa a da shi ne halin kogin Haɗeja. Da damina yakan cika ya malale fadamu, a shuka shinkafa, a kama kifi; da rani ya janye, ƙasa ta bushe ta tsattsage, makiyaya su shigo da dabbobinsu. Kacala ba ta jure wannan dogon fari, don saiwarta na bukatar ruwa marar zurfi da ke kwance shekara duka. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gangarowa kaɗan-kaɗan har cikin rani. Laka ta taru a magudanu, kacala ta kafu a kanta, ta ƙara tare wata lakar. Da haka wasu hanyoyin ruwan suka toshe, gonakin wasu suka nutse, na wasu suka bushe, kwalekwalen masunta suka rasa hanya, jan-baki kuma suka samu maɓoya suna faɗa wa shinkafa da dawa.

Akwai masu cewa farin shekarun 1970 da 1980 ne ya jawo. Fari ya rage ruwa, gaskiya ne, amma ciyawar da ke mutuwa in ƙasa ta bushe ba za ta bunƙasa saboda fari ba. Kogin Senegal ma shaida ne: bayan gina madatsar Diama a 1986, ruwa mai daɗi ya tsaya cak, irin wannan ciyawa ta mamaye gaɓar kogin. Wasu kuma na cewa ai Tiga ce ke shayar da Kano da gonakin rani na Kadawa. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma babu mai hankalin da zai nemi a rushe madatsar. Abin nema shi ne a tsara sakin ruwan yadda fadama za ta cika a lokacinta, ta bushe a lokacinta.

Gayyar da ƙauyuka ke yi don share magudanu tana da amfani, musamman in an yanke kacalar a ƙarƙashin ruwa, domin ta ganye saiwar ke samun iska. Amma kai guda na ɗauke da dubban iri da iska ke kwasa, kuma muddin ruwa na kwance rani da damina, wurin da aka share bana shi za a sake sharewa baɗi.