Rugagen Kudancin Lafiya: Yanayinsu, Rayuwarsu da Tarihinsu

Gabatarwa

Duk matafiyin da ya bar garin Lafiya ya nufi Obi, ko Keana, ko Awe, ba zai rasa hango wasu 'yan bukkoki na ciyawa a bayan gonakin doya ba, da fararen shanu suna kiwo a gefensu. Waɗannan su ne rugagen Fulanin wannan yanki. Galibi ruga ɗaya ba ta wuce gidaje kaɗan na dangi guda, amma tarihinta ya haɗa da na sarauta, da ciniki, da cuta, da fari, da dokokin gwamnatoci. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda makiyayi ya sami wurin zama a ƙasar da a da ba ta karɓar saniya, da kuma dalilin da ya sa wurin ke neman kuɓuce masa a yau.

Yanayin Ƙasa

Ƙasar Lafiya tana cikin kwarin Binuwai ne, inda dajin Arewa ya fara yin duhu. Ruwan sama yakan sauka tun daga watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, kuma abin da ake samu a shekara ya haura milimita 1,000, wato ya zarce na Katsina ko Sakkwato nesa ba kusa ba. Hunturu ba shi da tsanani kamar na can Arewa, amma zafin watan Maris yana da nauyi ƙwarai. Itatuwan da suka fi yawa su ne kaɗanya, da ɗorawa, da maje, da ƙirya, sai giginya a bakin fadamu. Gamba da tofa kan yi tsawon da za su ɓoye mutum. Ga kogin Mada da sauran rafuffuka da ke gangarawa Binuwai, ga kuma ruwan gishiri da ke ɓuɓɓugowa a Keana da Awe da Azara, inda mata suka shekara ɗaruruwa suna dafa gishiri.

Ciyawa da ruwa da gishiri su ne abin da saniya ke bukata. Mai karatu zai yi tsammanin cewa tun fil azal wannan ƙasa cike take da garkuna. Abin da ya hana hakan wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne, wato ƙudan tsando. Wannan ƙuda yana fakewa a inuwar kurmin bakin rafi da cikin daji mai duhu, yana shan jinin namun daji da na dabbobin gida, ta haka yake yaɗa cutar sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane. Saniyar da sammore ya kama takan rame, nononta ya ƙafe, ta yi ɓari, daga bisani ta mutu. Shanun Arewa masu tozo ba sa jure masa. Gajerun shanun nan marasa tozo da ake kira muturu su ne ke iya rayuwa a irin wannan daji, su kuwa ba a tatsar su.

Tarihin Zuwan Makiyaya

Al'ummomin da suka daɗe a wannan ƙasa, irin su Alago da Migili da Eggon da Gwandara da Jukun, da kuma Tibi da suka haura daga bakin Binuwai, manoma ne da mafarauta da masu. Bare-bari ƙarƙashin Muhammadu Dunama ne suka kafa sarautar Lafiya a wajejen ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa ake kiran garin Lafiyar Bare-bari. Bayan jihadi masarautar ta kasance tana bin Bauci. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, kasuwar Lafiya ta bunƙasa, aka buɗe hanyar fatake zuwa Loko a bakin Binuwai. A wancan lokaci shanu sukan ratsa ƙasar a hannun fatake da masu cin rani, amma zaman dindindin da garke abu ne mai wuyar gaske. Ban da tsando, akwai hare-haren neman bayi da ke sa mai dukiya ya nisanci daji. Sannan annobar bushiya da ta auka wa shanun Afirka a wajejen 1890 ta kusa share garkunan Fulani baki ɗaya, har aka ɗauki shekaru kafin su farfaɗo.

Abubuwa uku ne suka canja wannan hali a ƙarni na 20. Na farko shi ne buɗewar daji. Bayan zuwan Turawa hare-hare suka ƙare, mutane suka sauko daga duwatsu suka fita daga ganuwa, suka bazu cikin daji da noma. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta ratsa Lafiya a shekarun 1920, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932, sai doya da riɗi suka sami kasuwa. Kowace gona da aka sare ta rage wa tsando inuwa, kowane naman daji da aka farauta ya rage masa abinci. Saboda haka gatarin manomi ne ya fara share wa makiyayi hanya.

Na biyu shi ne magani. Allurar bushiya, musamman gangamin da aka fara a 1962, da magungunan sammore da suka shiga kasuwa, sun ba makiyayi ƙarfin halin kwana da damina a inda kakansa ba ya wuce rani. A nan ƙasar Lafiya ta shiga tarihin kimiyya. Bayan kafa shirin bunƙasa noma na Lafiya da taimakon Bankin Duniya a 1977, an soma wani aiki mai suna BICOT tare da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. An riƙa kiwon ƙudan tsando a Vom, a haska mazan da wani haske da ke kashe ƙwayar haihuwarsu, sannan a sake su a bakin rafuffuka. Macen da ta sadu da irin wannan namiji ba ta haihuwa. Da wannan dabara, haɗe da tarkuna da ƙyallaye masu guba, aka kawar da nau'in tsandon bakin rafi daga fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,500 a shekarun 1980. Sai dai da yake dazuzzukan kewaye ba a taɓa su ba, ƙudan ya sake kutsowa daga baya.

Na uku shi ne fari. Farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984 wanda ya zo tare da dawowar bushiya, sun koro makiyaya da yawa daga ƙasashen Kano da Katsina da Sakkwato da Barno da Nijar. Wannan ƙaura ba a rana ɗaya aka yi ta ba. Iyali kan zo cin rani, baɗi su ƙara kwanaki, baɗin baɗaɗa su roƙi mai gari wurin kafa bukka, har a wayi gari yaran da aka haifa a nan ba su san wata ƙasa ba.

Rayuwar Ruga

Rayuwar ruga tana juyawa ne bisa bukatar saniya. Da asuba ake kunce maruƙa daga dangwali su ɗan tsotsa, sannan a yi tatsa. Da hantsi, bayan raɓa ta bushe, samari su rataya gora su saɓa sanda su kora garke. Mata kuwa su kaɗa nono su fid da mai, su jera ƙore su nufi kasuwar ƙauye da fura da kindirmo. Kuɗin nono na mace ne, da shi take sayen gishiri da manja da sabulu. Ba a sayar da sa sai da babban dalili, kamar aure, ko jinya, ko biyan tara. Shanun da suka fi yawa su ne fararen nan da ake kira Bunaji, domin sun fi jajayen Rahaji haƙuri da laima.

Da damina ana zama a kan tudu, nesa da duhun rafi, a yi ta kaffa-kaffa da shuka. Da kaka ana jiran a kawar da amfani a shiga karan dawa. Da rani kuwa matasa su gangara fadamun Binuwai su kafa mashekari, tsofaffi da mata su tsaya gida. Yawancin rugagen sun daɗe da haɗa kiwo da noman masara da dawa a kan makwantar shanu. Arɗo shi ne shugaba, shi ke tsayawa tsakanin jama'arsa da mai gari idan an yi ɓarna. A da akwai musayar da ta riƙe zumunci: manomi ya ba da kara da hatsi, makiyayi ya bar taki da nono, har manomin da ya tara kuɗi ya sayi saniya ya ba Bafulatani amana.

Ƙuncin Yau

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Noman da ya kori tsando bai tsaya ba, ya ci gaba har ya cinye burtali da labi. Fadamun da ke ciyar da shanu da rani sun koma gonakin shinkafa da lambuna. Takin zamani ya rage wa kashin shanu daraja, kuma doya da rogo ba sa barin kara kamar dawa. Rogo ma yakan shekara a gona, don haka babu lokacin da za a ce an kawar da amfani. Tun da Lafiya ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoba, 1996, fili ya ƙara tsada.

Doka ma ba ta tsaya wa ruga ba. Dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta haifar da makiyayu irin ta Awe da ta Keana, amma ba a wadata su da ruwa da asibitin dabbobi yadda ya kamata ba, gonaki kuma suka shiga cikinsu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa fili a hannun gwamna, makiyayin da ya zauna da iznin baki ya tashi ba shi da takarda. Da dokar hana kiwon sake ta Jihar Binuwai ta fara aiki a Nuwamba 2017, garkuna masu yawa suka kwararo Awe da Keana da Doma, rikici ya tsananta, aka rasa rayukan manoma da na makiyaya, ƙauyuka da rugage suka watse. A Janairu 2023 wani harin jirgin sama a kusa da Rukubi ta ƙaramar hukumar Doma ya hallaka makiyaya fiye da 30. Shirin sauya fasalin kiwo na 2019 ya sa Nasarawa cikin jihohin gwaji, an kuma kafa ma'aikatar kula da dabbobi ta tarayya a 2024.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa ruga da gona a ƙasar Lafiya tare suka girma, ɗaya ta buɗe wa ɗaya hanya. Ana yawan cewa mafita ita ce makiyayi ya zauna wuri ɗaya. To, da yawansu sun riga sun zauna shekaru arba'in ko fiye. Abin da ya rage shi ne fili mai iyaka da takarda, da ruwan rani, da ciyawar da aka shuka, da makarantar da hukumar ilimin makiyaya ta 1989 ta yi alkawari, da kuma shari'ar da za ta biya manomi ɓarnarsa ta hukunta ɓarawon shanu ba tare da duban ƙabila ba. Ya rage ga ɗalibanmu, waɗanda da yawansu 'ya'yan waɗannan ƙauyuka ne, su je su zauna da dattawan ruga da na gari su rubuta abin da suka sani tun suna raye. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.