Gogar taya a motar a-kori-kura: abin da ke jawo ta da yadda ake magance ta

Motar a-kori-kura, musamman Toyota Hilux wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, ta zama jakin zamani a arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Ita ce ke dakon hatsi daga kasuwannin ƙauye, ita ce kuma motar sintiri da gwamnatocin jihohi ke raba wa jami'an tsaro. Ɗaya daga cikin matsalolin da direbobinta kan raina ita ce gogar taya, wato taya ta riƙa taɓa jikin mota idan an karya kwana ko an faɗa rami. Ƙarar da ake ji alama ce ta wata matsala da ke ɓoye, kuma idan aka bar ta, gefen taya ne ke cinyewa, wurin da ya fi rauni kuma faci ba ya riƙe shi.

Girman taya

Lambobin da ke jikin taya su ne mafarin bincike. Yawancin Hilux na baya-bayan nan na zuwa da taya mai lamba 265/65R17. Lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin, ta ƙarshe kuma girman rim ne a inci. Tsayin wannan taya gaba ɗaya ya kai kimanin milimita 776. Idan aka musanya ta da 265/70R17, tsayin ya koma kimanin 803, idan kuwa 285/70R17 ce, ya kai kimanin 831, ga kuma ƙarin faɗi na milimita 20. Ratar da masu ƙera motar suka bari ba ta da yawa, don haka wannan ƙari kan isa ya haɗa taya da madigadi. Babbar taya tana kuma sa agogon gudu ya nuna ƙasa da ainihin gudun mota: a misalin farko, bambancin ya ɗan haura kashi 3 cikin ɗari.

Sauran dalilai

Na biyu shi ne rim. Kowane rim yana da ma'aunin da ke nuna yadda yake zama a kan ƙafar mota, kuma akan buga shi a jikinsa bayan haruffan ET. Rim da ya shige ciki da yawa kan sa taya ta gogi ƙarfen ƙafa na sama. Wanda ya fito waje kuwa kan sa ta yi faɗin zagaye idan an juya sitiyari, ta bugi bamba ko robar da ke tare taɓo.

Na uku shi ne lodi. An ƙera Hilux ne don ɗaukar nauyin da bai wuce kimanin tan ɗaya ba, har da mutanen da ke ciki. Buhun masara goma masu kilo 100 sun riga sun cike wannan adadi. Idan ana yawan zarce shi, sifirin na baya kan miƙe, motar ta zauna, taya ta riƙa bugun cikin bodi a gargada.

Na huɗu shi ne lalacewar kayan ƙafa. Shokazoba da ta mutu, robobin ƙafa da suka cinye, boris da ya saki, ko ƙarfen da ya lanƙwashe bayan faɗawa rami, duk suna gusar da taya daga mazauninta. Idan gefe ɗaya ne kawai ke goga alhali tayoyin iri ɗaya ne, nan ya kamata a fara dubawa.

Yadda ake gano wurin

A tsayar da mota a wuri mai daidai, a juya sitiyari har ƙarshe zuwa dama, sannan hagu, a leƙa da tocila. Wurin da ke goga yakan yi sheƙi ko ya ɗauki baƙin roba. Idan bai bayyana ba, a shafa alli a wuraren da ake zargi, a tuƙa motar a hankali gaba da baya, a hau ɗan tudu da ƙafa ɗaya, sannan a duba inda allin ya goge. Dole ne a maimaita gwajin da irin lodin da motar ta saba ɗauka.

Gyara

Ana farawa da mafi sauƙi. Komawa ga girman taya da rim da aka rubuta a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba shi ne maganin da ba ya haifar da wata matsala. Bayansa sai sauya kayan ƙafa da suka lalace, a kuma kai motar a saita ƙafafunta da na'ura, domin saiti kaɗai kan iya matsar da taya gaba kaɗan, ta rabu da abin da take taɓawa. Idan roba ce kawai ake gogawa, ana iya rage ta ko a ɗumama ta a tura ta baya.

Ɗaga mota, wanda aka fi yi da kimanin inci 2, yana ƙara rata a tafiyar yau da kullum, amma idan ƙafa ta nutse har ƙarshe a cikin rami, taya za ta kai inda take kaiwa a da. Yana kuma ɗaga nauyin motar sama, abin da ke sauƙaƙa kifewa a kwana. Faifan ƙarfe da ake sakawa tsakanin rim da ƙafa yana raba taya da ƙarfen ciki, amma yana ƙara wa boris wahala, kuma sirara marasa inganci kan rage kamun noti. Yanke ƙarfen da ke riƙe bodi a kan shasi aikin ƙwararren mai walda ne, kuma ba a zuwa gare shi sai an gwada sauran hanyoyin.

Tayar da gefenta ya tsage, ya kumbura, ko zarenta ya bayyana, cire ta ake yi. Wajen sayen wata, a duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan haruffan DOT: 2423 na nufin mako na 24 na shekarar 2023. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi kan tsofaffin tayoyi na hannu.

Inda batun ya shafi jama'a

Motocin sintiri da kuɗin jama'a ake sayensu, kuma suna shan lodi, domin akan girka musu benci da rumfar ƙarfe a baya, a cika su da mutane, a bi da su hanyoyin daji. Bikin miƙa makullai kan samu 'yan jarida da jawabai, amma tsawon ran motar ya dogara ne ga kuɗin taya, sifirin da shokazoba. Duk mai bibiyar kasafin kuɗin jiharsa yana da damar tambayar nawa aka ware don kula da motocin da aka raba, da kuma wanda aka ɗora wa alhakin duba su.