Yadda Ruwa Ke Shiga Na'urar GPS Ta Hannu: Tarihin Ɗan Zoben Roba

Idan ka taɓa riƙe na'urar GPS ta hannu, irin wadda masu awon filaye da masu binciken ƙasa suke yawo da ita, ƙila ka ga an rubuta IPX7 a jikin kwalinta. Mai sayarwa zai ce maka ruwa ba ya shigarta. Ni ma haka na ɗauka, sai wata damina da muke bin ƙauyuka muna ɗaukar lambobin wuraren da rijiyoyi suke, domin bincikena na digiri na biyu. Na'urar ta wuni cikin rana a gaban mota. Da la'asar hadari ya taso, ruwa ya same mu a fili. Ba ta faɗa kogi ba, ba ta faɗa rijiya ba. Amma washegari sai ga hazo a cikin gilashinta, bayan kwana uku kuma ta ƙi kunnuwa, ga aikin mako guda a cikinta ban kwashe ba.

Abin ya daɗe yana ba ni haushi. Na'urar da take karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam masu nisan kilomita sama da 20,000, a ce ruwan sama na rabin awa ya gama da ita? Da na bi tarihin abin, sai na gane cewa hana ruwa shiga ba hali ne da na'ura take da shi har abada ba. Aiki ne da wata 'yar roba take yi kullum, kuma robar tana gajiya. Zo mu bi labarin daga tushe.

Agogon da ya yi iyo

Tun kafin a yi mafarkin GPS, masu ƙera agogo ne suka fara fama da wannan matsala. Agogon hannu yana da ƙofofi uku da ruwa da ƙura ke bi: gefen gilashi, murfin baya, da ɗan makunnin da ake murzawa a gefe. A 1926 kamfanin Rolex ya fito da agogon da ya kira Oyster, wanda murfin bayansa da makunninsa duk ɗaure su ake yi kamar noti. A watan Oktoban 1927 wata 'yar Ingila mai suna Mercedes Gleitze ta shiga tekun da ya raba Ingila da Faransa da wannan agogo a jikinta. Ta yi sama da awa 10 a cikin ruwan sanyi, aka fito da ita agogon yana aiki. Kamfanin ya yi ta talla da labarin.

Ka lura da abu ɗaya a nan. Sabon agogo ne, kuma sau ɗaya aka gwada shi. Babu wanda ya tambayi yadda zai kasance bayan shekara biyar ana buɗe shi ana rufewa. Wannan giɓi tsakanin gwajin rana ɗaya da rayuwar yau da kullum shi ne zai yi ta dawowa a labarinmu.

Tsohon injiniya da zobensa

Abin da yake tsare yawancin na'urorinmu a yau wani zobe ne na roba, wanda Turawa ke kira O-ring saboda siffarsa. Ka san irinsa a cikin kan famfo da bakin filas ɗin shayi. Wanda ya fi shahara da shi shi ne Niels Christensen, ɗan asalin Denmak da ya zauna a Amurka yana ƙera birkin iska na motocin da ke tafiya a kan dogo. Yana da shekara 72 ya nemi takardar mallakar wannan ƙirƙira a 1937, aka ba shi a 1939. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, gwamnatin Amurka ta ga jiragen yaƙinta suna bukatar zoben, sai ta karɓe haƙƙin ta biya shi dala 75,000.

Dabarar mai sauƙi ce. Ana yanka ɗan kwari a jikin ƙarfe ko robar gangar na'ura, a kwantar da zoben a ciki, sannan murfi ya danne shi kaɗan. Ita roba tana son komawa siffarta ta asali, don haka sai ta riƙa tura bango biyun da suka matse ta. Wannan turawar ce take toshe hanya. Idan ruwa ya matso daga waje, sai ya ƙara cusa zoben cikin kusurwa, toshiyar ta ƙara ƙarfi. Wato dai duk tsaron ya dogara ne a kan abu guda: robar ta ci gaba da turawa.

Ranar da roba ta daina turawa

Duniya ta ga abin da ke faruwa idan robar ta kasa, a ranar 28 ga Janairun 1986. Kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai da ke ciki suka mutu. An harba shi ne da safiya mai tsananin sanyi, wajen digiri 2 a ma'aunin Selsiyos. Sanyin ya sandarar da zoben robar da ke toshe mahaɗar ɗaya daga cikin rokokinsa, iskar wuta ta samu hanya ta fito. Injiniyoyi irin su Roger Boisjoly sun yi gargaɗi tun kafin ranar, ba a saurare su ba.

A zaman kwamitin bincike, masanin kimiyyar fiziks Richard Feynman ya matse guntun robar da ɗan maƙalin ƙarfe, ya tsoma shi a kofin ruwan ƙanƙara a gaban kyamarori. Da ya saki, robar ba ta dawo siffarta nan take ba. Girman zoben kumbo da na murfin batirin GPS ɗinka ba ɗaya ba ne, amma dokar ɗaya ce. A can sanyi ne ya hana robar turawa. A ƙasa mai zafi kuwa, zafin ne da tsawon lokaci suke yin wannan ɓarna a hankali.

GPS ta sauko hannu

Sojojin Amurka ne suka gina tsarin GPS, kuma an harba tauraronsa na farko a 1978. Na'urorin karɓar saƙon na farko manya ne, sai a mota ko a goye. A 1989 kamfanin Magellan ya fitar da NAV 1000, wadda ake ɗauka a matsayin ta farko ta hannu da aka sayar wa jama'a, a kan kuɗi kusan dala 3,000. Su wa aka yi wa ita? Masu jiragen ruwa. Ka ga tun ranar farko, wurin aikin wannan na'ura shi ne inda ruwa yake. A shekarar ce kuma Gary Burrell da Min Kao suka kafa kamfanin da ya zama Garmin. A Yaƙin Tekun Fasha na 1991, sojoji sun yi amfani da irin waɗannan ƙananan na'urori a hamada, inda abokin gaba ya zama yashi da zafi.

Babban sauyi ya zo ne a watan Mayun 2000. Kafin lokacin, gwamnatin Amurka da gangan take gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har kuskuren ya kan kai mita 100. Da Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina, kuskuren ya ragu sosai a dare ɗaya. Nan da nan masu hawan duwatsu, mafarauta, masunta da masu bincike suka rungumi na'urar. Farashi ya sauko, kamfanoni suka shiga gasar ƙara mata abubuwa: taswira, ramin katin ajiya, kafar haɗawa da kwamfuta, maɓallai iri-iri. To, kowane ƙari ƙofa ce sabuwa, kuma kowace ƙofa tana bukatar robarta.

Mene ne IPX7 yake nufi?

Domin kada kowa ya riƙa faɗin abin da ya ga dama, hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya ta fitar da ma'auni a 1976, wanda yanzu ake kira IEC 60529. Bayan haruffan IP akwai gurbi biyu. Na farko na ƙura ne da sauran abubuwa masu tauri, daga 0 zuwa 6. Na biyu na ruwa ne. Idan ka ga X a gurbin farko, ma'anarsa ba a ba da sakamakon gwajin ƙura ba. Lamba 7 kuwa tana nufin an nutsar da na'urar a zurfin mita 1 na minti 30, ruwan da zai cutar da ita bai shiga ba.

Yanzu duba abin da gwajin bai ƙunsa ba. Ruwan daɗi ne mai tsafta, ba na teku ba, ba mai sabulu ba. A tsaye yake cik, ba ya feshi. Cin gwajin lamba 7 ba ya nufin na'ura ta ci na 5 da 6, waɗanda su ne na ruwa mai fitowa da ƙarfi daga tiyo. Sannan ƙa'idar ta ce kada bambancin zafin ruwan da na na'urar ya wuce digiri 5. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne ya bayyana mini abin da ya sami tawa.

Lissafin ba shi da wuya. Matsin ruwa a zurfin mita 1 kusan kashi ɗaya cikin goma ne na matsin iskar da muke ciki. Ka ɗauka na'ura ta yi zafi a gaban mota har iskar cikinta ta kai digiri 60. Iskar za ta kumbura, ta riƙa sulalewa waje a hankali ta duk inda roba ta yi rauni. Sai ruwan sama ya sauko ya sanyaya ta zuwa digiri 25 cikin 'yan mintuna. Matsin cikinta zai faɗi da kusan kashi 10 cikin 100, wato daidai da a ce ka nutsar da ita mita guda. Bambancin kawai shi ne yanzu ita ce da kanta take zuƙo ruwan da ya kwanta a bakin murfinta.

Ramin da ya zama dole

Injiniyoyi sun san wannan matsala, kuma maganinta ya fito daga wani wuri dabam. A 1969 Bob Gore yana ƙoƙarin miƙar da sandar robar PTFE mai zafi, irin wadda ake shafe kaskon suya da ita don kada abinci ya kama. Duk lokacin da ya ja a hankali sai ta tsinke. Da ya fizge ta da ƙarfi sai ta miƙe ninki da yawa, ta zama wani abu mai ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Iska tana wucewa ta cikinsu, ɗigon ruwa ba ya wucewa. Daga nan aka samu yadin Gore-Tex, aka kuma samu 'yar fatar da ake liƙawa a bayan wani ɗan rami a jikin na'urori domin su yi numfashi.

Na'urar GPS mai auna tsayin wuri ta hanyar matsin iska ba ta da zaɓi, dole ta sami irin wannan rami. Sai dai fatar tana da nata rauni. Tururi yana ratsa ta, don haka danshi zai iya shiga da rana, da dare ya zama raɓa a cikin gilashi, kamar gumin da kake gani a jikin kwalbar lemo mai sanyi. Sabulu da mai suna sa ruwa ya iya ratsa ramukan. Laka tana toshe su. Wani kuma ya ga ramin ya ɗauka datti ne, ya sa allura ya tsokale, shi ke nan ya huda fatar.

Yadda roba ke tsufa

Ko ba a yi wa na'ura komai ba, lokaci yana aikinsa. Robar da ta daɗe a danne takan baje ta daina dawowa, kamar tsohuwar katifa da ta riƙe siffar mai kwanciya, kuma zafi yana hanzarta hakan. Hasken rana yana busar da robar waje har ta tsattsage. Gam ɗin da ke riƙe da robar gefe a wasu na'urori yakan narke ya yi danƙo. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET yana cin wasu nau'o'in roba. Ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi a kan zoben murfin batir ya isa ya buɗe hanya, kuma wannan murfi shi ne aka fi buɗewa, sau da yawa a tsakiyar ƙura. Wani lokaci ma ɓarnar daga ciki take tasowa, idan batir ya daɗe ya zubar da ruwansa ya cinye ƙarafan da yake taɓawa.

Hukumomi ma sun fara lura da tazarar da ke tsakanin talla da gaskiya. A 2022 wata kotun tarayya a Ostireliya ta ci reshen kamfanin Samsung na ƙasar tarar dalar Ostireliya miliyan 14, saboda tallace-tallacen da suka nuna ana shiga teku da wurin wanka da wasu wayoyinsa, alhali kafar cajinsu na iya yin tsatsa idan aka sa caji tana jiƙe. Waya ce ba GPS ba, amma tambayar ita ce dai wadda agogon 1927 ya bari ba a amsa ba.

To, me za ka yi da taka?

Kafin ka rufe murfin batir, duba zoben a cikin haske, ka goge shi da ƙyalle mai tsafta. Idan ya baje ko ya tsage, a canza shi. Kada ka shafa masa man shafawa na jiki ko man inji, domin suna kumbura wasu robobin. Sai irin man da masu ƙera na'urar suka ambata. Kada ka bar ta a gaban mota cikin rana. Idan ta shiga laka ko ruwan gishiri, ɗauraye ta da ruwa mai tsafta tana rufe, ba da sabulu ba. Idan kuwa ka ga hazo a gilashi, kashe ta nan take, cire batir, ka bar murfin a buɗe a inuwa mai iska na wasu kwanaki, domin ruwa da wutar batir idan suka haɗu su ne ke cinye siraran hanyoyin lantarkin da ke ciki. Wannan ne kuskuren da na yi: na ga hazon, na ci gaba da aiki da ita.

Rijiyoyin nan sai da muka sake bin su ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin mota daga aljihuna. Tun daga lokacin, duk wurin da na ɗauki lambarsa sai na rubuta ta da fensir a littafi, kuma kowane dare ina kwashe bayanan zuwa kwamfuta kafin in kwanta. Na'urar da nake amfani da ita yanzu ita ma IPX7 aka rubuta mata, amma da zarar na ga hadari ya haɗo, cikin leda nake sa ta.