Tarihin Lemon Kwalba Da Tallan Sinima A Kano

Kullum ana ƙorafin talla ta yi yawa a finafinai masu dogon zango. To ai abin ba yau ya fara ba, tun zamanin kakanninmu fim da talla tare suke tafiya.

Majigi

Kafin gidajen sinima su yawaita, majigi ake kallo. Mota ce ke zuwa gari da janareta, a kafa farin ƙyalle a fili, galibi ƙofar fadar sarki ko ta hakimi, kowa ya kalla kyauta. Turawan mulkin mallaka sun yi amfani da shi wajen koyar da tsafta da noma. Daga baya kamfanoni suka ga ai ga kasuwa, su ma suka riƙa yawo da nasu motocin suna haska fim suna tallata kayansu.

Gidajen sinima

An buɗe Rex a 1937, sai Palace daga baya kusa da kasuwar Kurmi. Akwai kuma irinsu Plaza, Orion, Eldorado da Marhaba. Yawancinsu ba rufi, shi ya sa sai duhu ya yi ake fara haskawa. Kafin fim ɗin Indiya ko na Chanis ya fara, sai an nuna talla da gutsuren finafinan da ke tafe. A bakin ƙofa kuma ga allon fasta, ga masu tsire da gyaɗa da lemo mai sanyi.

Shigowar lemo

A.G. Leventis ya kafa Nigerian Bottling Company a 1951, aka fara zuba Coca-Cola a kwalba a Legas a 1953. Kamfanin Seven-Up kuwa ranar 1 ga Oktoba 1960 ya fara aiki, wato ranar samun 'yancin kai.

A lokacin, ruwan kawai ka saya, kwalbar ta kamfani ce. Motar kamfani ta sauke wa dila, dila ya ba mai kanti. In ana biki ko suna, a ɗoro kiret-kiret a baro ko kura har ƙofar gida, sai dai fa ka ajiye kuɗin kwalba. An watse, yara su bi ɗaki-ɗaki suna tattara kwalabe, wadda ta fashe ka biya. Zuwan lemon roba da na gwangwani ne ya rage wannan wahalar.

Zamanin Kannywood

Bayan Turmin Danya ya fito a 1990, kallo ya koma cikin gida, talla ta biyo shi. Duk wanda ya yi zamanin kaset da CD ya san sai ka sha tallan finafinai masu fitowa kafin ka ga fim ɗin da ka saya.

Da satar fasaha ta durƙusar da kasuwar CD, furodusoshi suka koma YouTube da tashoshi irin Arewa24 da ta fara a 2014. Yanzu kai da ke kallon Labarina ko Izzar So data kawai ka saya. Kuɗin jarumai, kyamara, abinci da man janareta, kaso mai yawa daga masu talla yake fitowa.

Don haka in an katse maka fim ana tsaka da rikici an sako tallan atamfa ko turare, ka yi haƙuri. Shi ya biya kuɗin fitowa ta gaba.