BABI NA UKU: YAƘIN DUNIYA NA BIYU DA KALMOMIN SOJA A ƘASASHEN BIRNIN KUDU DA GWARAM

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai dubi yadda Yaƙin Duniya na Biyu (1939–1945), wanda Hausawa suka fi sani da Yaƙin Hitila, ya shafi ƙasashen Birnin Kudu da Gwaram. Haka kuma za a nazarci kalmomin soja da ake ji a bakin jama'a, domin a nuna cewa su ma hujja ce ta tarihi, matuƙar an tantance lokacin da kowace ta shigo Hausa.

3.1 Yadda Yaƙin Ya Iso

A lokacin yaƙin, Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin Masarautar Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953), domin sai a shekarar 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Saboda haka duk wani umarni na Turawa yakan bi ta En'e ne, daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagatai da masu unguwanni. Ta wannan hanya aka riƙa neman samari a ƙauyukan masarautar domin aikin soja, aka kuma matsa wa manoma su ƙara noman gyaɗa. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas na haƙar kuza a Jos. Labarin fagen fama kuwa yakan zo ne ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin Janairun 1939.

3.2 Fagagen Fama

Sojojin Nijeriya sun fara gwabzawa da Italiya a Gabashin Afirka, inda a shekarar 1941 suka taso daga Mogadishu suka kutsa har Harar a ƙasar Habasha. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka tura su Indiya, daga nan suka shiga Bama domin yaƙar Japan. Runduna ta 81 ta yi faɗa a kwarin Kaladan cikin 1944, sannan rundunonin biyu suka haɗu aka kama Myohaung a Janairun 1945. Shi ya sa ake samun sunayen wannan yaƙi a barikokin Nijeriya, kamar Dodan da Myohaung a Legas, da Chindit a Zariya.

3.3 Matakan Shigowar Kalmomi

Kuskure ne a ɗauka cewa duk kalmar soja daga Yaƙin Hitila ta samo asali. Ana iya kasa kalmomin gida uku:

(a) Na kafin zuwan Turawa: sansani, dakaru, barde, garkuwa, sulke. A nan ne bindiga da harsashi suke, waɗanda aka aro daga Larabci.

(b) Na farkon mulkin mallaka: soja, bariki, kofur, saje, samanja, kurtu, fareti. Rundunar da ta ci Kano a 1903 cike take da masu jin Hausa, kuma da Hausa hafsoshin Turawa suke magana da ƙananan sojoji. Daga wannan cuɗanya aka sami Barikanci, wato gurɓatacciyar Hausar da waɗanda ba Hausawa ba suke yi a bariki.

(c) Waɗanda yaƙin ya yaɗa: bam, gurneti, tankar yaƙi, da sunaye irin su Hitila da Bama.

Ke nan babban aikin da yaƙin ya yi shi ne fitar da kalmomin rukuni na biyu daga bariki zuwa karkara, a bakin dubban sojojin da aka sallama bayan 1945.

3.4 Sauyin Furuci da Ma'ana

Kalmomin da aka aro daga Ingilishi sun bi dokokin furucin Hausa. Harafin "p" ya koma "f", kamar a kofur da kyaftin da fareti da fansho. An kuma ƙara wasali a ƙarshen wasu, kamar bariki da gurneti da maci. Wani lokaci akan dunƙule kalmomi biyu su zama ɗaya, kamar samanja.

Ta fuskar ma'ana kuwa, bariki ta wuce mazaunin soja. In aka ce mutum ɗan bariki ne, ana nufin ya bar tarbiyyar gida ya rungumi zaman duniya. Wannan ya nuna irin kallon da mutanen karkara suke yi wa rayuwar da ta saɓa wa al'adarsu. Gadi ta haifar da maigadi, aikin da tsofaffin sojoji da dama suka kama bayan sallama. Samanja kuma ta ƙara shahara ta wasan kwaikwayon Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda shi ma tsohon soja ne.

3.5 Naɗewa

Rahotannin yaƙi da Turawa suka rubuta sun fi kula da bataliya da kwanan wata fiye da ƙauyen da soja ya fito. Ga shi kuma wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943, an haife shi ne a 1925, don haka 'yan mazan jiyan wannan yaƙi sun kusa ƙarewa. Abin da ya rage a wurare irin su Birnin Kudu da Gwaram shi ne lambobin yabo da takardun sallama da ke hannun iyalai, da labaran da 'ya'ya da jikoki suka ji, sai kuma waɗannan kalmomi. Wajibi ne a tattara su a rubuce, a gwada su da tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo da takardun Lardin Kano da ke Gidan Adana Kayan Tarihi na Kaduna. Idan ba a yi haka ba, kalmomin za su ci gaba da yawo a baki, amma a manta da mutanen da suka kawo su gida.